Gaɓar da Ke Tafiya

Yawancin ruwan da ke sauka a jihar Adamawa Binuwai yake nema. Ya bi Gongola ko wani rafi, ya faɗa babban kogi, ya wuce Numan da Ibi da Makurɗi, ya gamu da Kwara a Lakwaja, daga can sai teku. Ruwan Mubi bai shiga wannan ayari ba. Kogin Yedzaram yana gangarowa daga duwatsun da ke kan iyakarmu da Kamaru, ya ratsa gari, sai ya ba teku baya ya miƙa arewa. Ya wuce ta wajen Uba, ya shiga ƙasar Margi, ya bi gefen dajin Sambisa, ya ratsa Bama, yana neman Tafkin Chadi. Yashi da fadamu ne ke shanye mafi yawansa tun a hanya, amma alƙiblarsa ba ta taɓa sauyawa ba.

Saboda haka in mutumin Mubi ya tambayi inda gaɓarsa take, amsar tana arewa. Wannan magana tana yi wa kunne nauyi, domin a Nijeriya mun saba ajiye Arewa a gefe guda, bakin ruwa a ɗaya gefen. Da an ce Arewa sai a hango ƙura da rairayi da gero. Da an ce jirgin ruwa da koma da ƙarnin kifi sai hankali ya tafi Ikko ko Fatakwal. Alhali a ƙarshen Barno akwai ƙasar da mutane ke kwana da ƙarar ruwa, suna da tashoshin jirage da sarakunan ruwa da kasuwar kifin da ta taɓa ciyar da garuruwa har Anaca da Inugu.

Hausa ba ta yi rowar sunayen ruwa ba. Akwai ƙorama da rafi da gulbi da kogi, duk masu gudu. Akwai kududdufi da tafki, masu kwanciya. Sai teku, sai kuma bahar da muka aro daga Larabawa muka ajiye wa Bahar Rum da Bahar Maliya. Da aka zo kan Chadi sai muka ce tafki, sunan da muke kiran ruwan bayan gari inda ake shayar da dabbobi a yi bulo. A 1963 faɗin wannan tafki ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, ya fi jihar Kano ta yau girma. Wanda ya tsaya a bakinsa a lokacin ba ya hango ɗaya tsallaken, kuma in iska ta taso igiyarsa tana kifar da jirgi. A ido, teku ne.

Duk da haka ina ganin sunan tafki ya kama wani abu da sunan teku ba zai kama ba. Teku yana da gaɓa tsayayya. Zai hau ya sauka kullum, amma gidan da kaka ya gina a bakinsa jika zai iske shi a bakinsa. Tafki kuwa, duk Bahaushe ya san halinsa: yana cika, yana ja, yana barin laka a baya, kuma a lakar nan ake dasa abinci. Chadi haka yake, sai dai ma'auninsa ya fi ƙarfin ido. Ba shi da zurfi, a yawancin wurare 'yan mitoci ne kawai, ƙasar da ke kewaye da shi kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Ruwa ya sauka da kamu biyu, gaɓa ta matsa da tafiyar sa'o'i. Wanda ya fahimci wannan ya kama hanyar fahimtar mutanen wurin.

Tafiyar gaɓar ba ta jiya ba ce. Matafiyin da ya tashi daga Mubi ya bi Mararraba da Uba da Michika da Madagali, ya gangara Gwoza da Pulka, in ya iso Bama yana hawa wani dogon tudun yashi da ya miƙe har Maiduguri ya wuce. Masana ƙasa sun tabbatar cewa wannan tudu tsohuwar gaɓa ce. Wajen shekara 7,000 da suka wuce ruwan ya fi murabba'in kilomita 300,000, kuma nan igiyarsa ke bugawa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwalen katako mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa suka kai wajen 8,000. Yana cikin jirage mafiya tsufa da aka taɓa tonowa a duniya, kuma a ƙasar da muke kira busasshiya aka same shi. Daga Maiduguri zuwa Baga, garin masunta na gefen tafki, yanzu kusan kilomita 200 ne. Duk wannan tafiya a kan tsohon gindin ruwa ake yin ta.

A Mubi, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, gaisuwar damina ita ce "Ya ruwa?" a amsa da "Ya yi gyara." Ruwan da ake nufi na sama ne, wanda kowa ya ji saukarsa a kan kwanon ɗakinsa. A bakin Chadi ruwan da ya fi damun mutane ba su ga saukarsa ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ke cika tafkin kogin Shari da Logon ne ke kawo shi, daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na ɓangaren Kamaru, wajen Ngaundere. Yana ɗaukar watanni a hanya. Sai damina ta ɗauke, an yi girbi, hunturu ya shigo, sannan tafki ke kai maƙurar cikarsa. Masunci a Baga yana rayuwa ne a kan daminar mutanen da bai taɓa gani ba. Kuma ko da yake babu kogin da ke fita daga tafkin, ruwansa na sha ne, ba na gishiri ba, domin yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa yana tafiya da gishirinsa. A gabashin tafkin, ƙasar Kanem, nan gishirin ke fitowa ya zama kanwa, a haƙa ta; a da akan ɗora ta a jirage zuwa Baga, daga nan fatake su watsa ta kudu. Makiyayin da ya kawo shanu kasuwar Mubi ya san amfanin kanwa ga garkensa ko da bai taɓa ganin inda take fitowa ba.

Baƙi sun daɗe suna zuwa kallon wannan ruwa. A 1850 wani ayari ya taso daga Tarabulus ɗauke da jirgin ruwa da aka rarraba gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, aka ƙetare Sahara da shi. Adolf Overweg, Bajamushe, ya harhaɗa shi ya shiga tsibiran mutanen Buduma a 1851, ya kuma rasu a bakin tafkin a 1852. Abokin tafiyarsa Heinrich Barth ya bar Kukawa a 1851 ya gangaro kudu ta ƙasar Margi da Uba, ya ratsa wannan yanki namu har Yola. Sunayensu na cikin littattafai. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai yara biyu ne da Overweg ya 'yanta daga bauta: Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, ɗan Margi, wato maƙwabcinmu na arewa. Hanyar da ruwanmu ke bi, ita bayi suka bi, ba da son ransu ba. Wannan ma yana cikin tarihin kogin, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A 1855 yaran nan biyu suka bi Barth ta Bilma da Murzuk har Tarabulus, suka tsaya a bakin Bahar Rum, gaɓar arewa ta biyu, wadda ba ta matsawa. Daga can suka shiga jirgi zuwa Ingila. Labarin da Dorugu ya bayar da bakinsa, J. F. Schön ya rubuta shi, ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, kuma yana cikin tsofaffin labaran tafiya da muke da su da Hausa. Abbega ya dawo, daga baya ya yi sarautar Lakwaja, mahaɗar kogunan da ruwan garinsu bai taɓa nufa ba.

Abin da ya raba mai ziyara da mazaunin wuri ba yawan kwanaki kaɗai ba ne. Mai ziyara yana ganin ruwa a rana ɗaya, ya ɗauka nan ne wurinsa. Ya zana layi a takarda ya ce ga gaɓa. Mazaunin kuwa ya ga shekarar da aka ɗaure jirgi a gindin wata bishiya, ya kuma ga shekarar da aka yi shuka a wurin. Ba ya tambayar ina gaɓa take sai ya haɗa da "bana".

An biya wannan bambanci da kuɗi mai yawa. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, aka tsara babban aikin noman rani a wajen Marte: hekta fiye da 60,000 na alkama da shinkafa, da doguwar hanyar ruwa daga tafki, da manyan injinan turo ruwa. An yi lissafin ne a kan ruwan shekarun 1960, lokacin cika. Kafin aikin ya kankama fari ya riga ya sauka, na 1972 zuwa 1974, sannan na 1983 zuwa 1985. Tafki ya rabu biyu, ɓangaren arewa ya riƙa bushewa ƙurmus, buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba. Bakin hanyar ruwan ya tsaya a busasshiyar ƙasa. Ba na zargin niyyar waɗanda suka yi aikin. Ƙasa na son abinci, kuma sun yi abin da iliminsu ya nuna musu. Amma a daidai waɗannan shekaru, talakawan da ba su da inji ko ɗaya sun bi ruwan a ƙafa, suka sauka a kan lakar da ya bari, suka shuka masara da wake ba tare da taki ko ban-ruwa ba, suka cika motoci zuwa Maiduguri. Sun san cewa ja da ruwa ya yi ba mutuwarsa ba ce, buɗe gona ce.

Sunayen garuruwansu sun riƙe wannan sani. Daban Masara, Daban Shata: daba wuri ne da ake yada zango, ba a yi masa alkawarin dawwama ba. Doron Baga ta taso ne da ruwa ya bar tsohuwar Baga a baya, tashar jirage ta matsa gaba. Tsibiran kuwa tumbu ake ce musu, Tumbun Gini, Tumbun Rego, Sabon Tumbu, kuma tumbun bana yana iya zama tudun da ake zuwa da mota baɗi. Abin lura shi ne yawan sunayen Hausa a ƙasar da asalinta ta Barebari da Buduma da Kanembu da Larabawan Shuwa ce. Masunta Hausawa sun kwararo daga Kabi da Sakkwato da Haɗeja, Jukunawa daga Binuwai, wasu tun daga Mali da irin nasu tarkon kifi, gura, wanda ake jerawa a tare mashigar ruwa. Hausa ta zama harshen kwata da na ciniki, kamar yadda ta zama a kasuwar Mubi tsakanin Gude da Fali da Fulani da Higi da Margi.

Da yawansu da sunan ci-rani suka zo. Wannan kalma tana zaune ne a tsakanin ziyara da zama, kuma ban san wata da ta fi ta dacewa da bakin Chadi ba. Ɗan ci-rani ba baƙon kallo ba ne, aiki ya zo yi, gumi zai zuba a wurin. Kuma bai sayar da gonarsa ta gida ba, yana cewa da damina zai koma. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Amma akwai raɓar da rana ba ta ɗauke ba: rani ɗaya ya zama goma, aka aiko da iyali, aka haifi yara da ba su san wani gari ba sai daba, aka binne iyaye a tudun da ruwa bai cika kaiwa ba. Mutum ɗaya yakan yi kamun kifi in ruwa ya cika, ya yi noma in ya ja, ya yi fataucin banda a tsakani. Tarwaɗa da karfasa a kan wuta, hayaƙi ya turnuƙe gari, a cusa a kwalaye, dillalai su loda manyan motoci zuwa kudu. Mutumin da ke da sana'a uku a shekara ɗaya, takardar gwamnati ba ta da gurbin rubuta shi. Sai ta kira shi masunci ko manomi, ta kira shi ɗan gari ko baƙo, alhali duka shi ne.

Inda abin ya fi tsanani shi ne kan iyaka. Ƙasashe huɗu suka haɗu a cikin ruwan nan, Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma su suka kafa hukumar kula da tafkin a 1964 a birnin da ake kira Njamena yanzu. Masuncin da ke bin gaɓa ba ya ganin layi a kan ruwa. Da tafki ya ja gabas, 'yan Nijeriya suka bi shi, suka kafa Darak da ƙauyuka da dama a kewayenta, suna biyan haraji ga Barno. A 1983 har sojojin Nijeriya da na Chadi suka gwabza a kan wasu tsibirai. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta yanke cewa Darak ƙasar Kamaru ce, bisa takardun da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a 1919 da 1931, kuma a ƙarshen 2003 Nijeriya ta janye. Mutanen ba su yi ƙaura zuwa wata ƙasa ba a saninsu. Ruwa suka bi, ƙasar ce ta sauya a ƙarƙashin ƙafarsu.

Mu a Mubi bai kamata wannan ya zame mana baƙon labari ba. Takardun nan su ne suka ja layin da ya bi kan duwatsun gabashinmu ya raba dangi tsakanin Sahuda da Bukula. Kakanninmu sun kwana a ƙarƙashin Jamus, suka tashi a ƙasar amana da Ingila ke riƙo. A 1959 aka tambaye su suka ce a dakata. A Fabrairun 1961 aka sake tambaya suka zaɓi Nijeriya, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Mu aƙalla an tambaye mu. Mutanen Darak ba wanda ya kafa musu akwatin ƙuri'a.

Sai kuma abin da ya haɗa mu da su cikin wuta ɗaya. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta shiga Mubi, gari ya watse, mutane suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka taka har Yola. Maharan suka laƙa wa garin suna Madinatul Islam. Sunan bai kama bakin kowa ba, kuma cikin Nuwamba aka ƙwato garin. Ranar 3 ga Janairun 2015 suka faɗa wa Baga, inda sansanin rundunar haɗin gwiwa yake. Har yau ba a daidaita kan adadin waɗanda aka kashe ba: hukuma ta ce 150, wasu suka ce ya kusa 2,000. Hotunan tauraron ɗan'adam da Amnesty International ta fitar sun nuna gine-gine fiye da 3,700 da aka ƙona ko aka lalata a Baga da Doron Baga. Mu duwatsu ne mafakarmu. Su ruwa suka faɗa, kuma ba kowa ne ya kai tsibiri ba. Bayan 'yan watanni Nijar ta umarci mazauna tsibiranta su fice, dubbai suka fito a ƙafa cikin zafin bazara. Aka hana kamun kifi, aka hana safararsa, domin a toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi. Mu mun koma gidajenmu muka iske kasuwa a inda muka bar ta. Su abin da suka bari ba ya jira a wuri ɗaya.

Tun daga lokacin wata jimla ta zama ruwan dare a tarurruka: tafki ya ƙafe, shi ya sa matasa suka ɗauki bindiga. Ana nuna hoton 1963 kusa da na shekarun fari, a ce kashi 90 ya tafi. A taron Abuja na Fabrairun 2018 an sake ɗaga shirin Transaqua, na haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga yankin kogin Kwango. Jimlar tana da gaskiya a cikinta, amma gaskiyar mai ziyara ce, wanda ya zo sau biyu ya gwada abin da ya gani. Binciken da aka yi da tauraron ɗan'adam a 'yan shekarun nan ya nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa ba, har ya ɗan farfaɗo, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi inda hoto ba ya nuna shi. A 2022 da 2024 ambaliya ce ta addabi yankin, ba fari ba. Abin da ya sauya da gaske shi ne ruwan ya zama mai wuyar sha'ani, ba a iya hasashen zuwansa kamar da, kuma mutanen da suka iya binsa an ɗaure musu ƙafa. Ina jin zafin jimlar ne domin tana ɗora laifi a kan sama, ta sauke shi daga kan mutane: shekarun da aka yi ana karɓar kuɗin kifi a yankin ba a mayar masa da makaranta ko asibiti ko hanya mai kyau ba.

Yanzu kalmar da ake kiran mutanen tafkin da ita ita ce 'yan gudun hijira. A da ma suna tashi suna sauka, amma tashin nan gwaninta ce, su ke zaɓar rana da wuri. Gudun hijira tashi ne da wani ya zaɓa maka. A 2020 gwamnatin Barno ta fara mayar da mutane Baga, kuma duk wanda ya taɓa kwana a sansani ya san darajar wannan. Sai dai "komawa gida" a bakin hukuma ɗaki ne da rufin kwano a cikin ramin tsaron da ya kewaye gari. A bakin mutumin tafki gida ya haɗa da hanyar da ke tsakanin gari da ruwa, da tumbun da yake kafa bukka in hunturu ya shigo, da lakar da zai shuka wake in ruwa ya fara ja. Yawancin waɗannan wurare suna bayan ramin. Wanda ya fita ya isa can yakan iske masu bindiga suna jiran harajinsu a kan kowane jirgi da kowane buhu, in ya dawo kuma ya sha tambaya a shingen bincike kan inda ya je da wanda ya gani. Wanda bai fita ba lokacin shuka ya wuce shi, sai ya jira wata shekara, ga yara a ɗaki.